Fiat: Kamfanin da Ya Ɗora Talakan Italiya a Mota

Ranar 11 ga Yuli, 1899, wasu masu hannu da shuni a birnin Turin da ke arewacin Italiya suka haɗa jari suka kafa kamfanin ƙera motoci mai suna Fiat. A cikinsu akwai Giovanni Agnelli, tsohon hafsan sojan doki, wanda ba da jimawa ba ragamar kamfanin ta koma hannunsa. A lokacin mota ta attajirai ce, shi kuwa burinsa ya ƙera ta da yawa har ta yi araha.

Bayan ya ga yadda Ford ke aiki a Amurka, ya gina masana'antar Lingotto, aka buɗe ta a 1923. A wancan lokacin, ƙarfe yakan shiga ta ƙasan ginin, a yi ta harhaɗa shi bene bayan bene, har mota ta fito a saman rufi, inda aka shimfiɗa titin gwaji. Masana'antar Mirafiori ta biyo baya a 1939.

Da Giovanni ya rasu a 1945, jikansa Gianni bai gama ƙwarewa ba, sai Vittorio Valletta ya riƙe amanar gidan. A zamaninsa aka fitar da ƴar ƙaramar Fiat 500 a 1957, motar da albashin ma'aikaci ke iya saya. Dubban matasa suka baro gonakin kudu suka kwararo Turin neman aiki.

Gianni, wanda Italiyawa ke kira Lauya saboda karatun shari'a da ya yi, ya karɓi shugabanci a 1966. A 1969 ya sayi Lancia da rabin Ferrari, a 1986 Alfa Romeo ta shigo hannu. Fiat ce ta taimaka wa Tarayyar Sobiyat gina masana'antar Lada, har a Kano ma an haɗa manyan motocin Fiat. Gianni ya sha fama da yajin aiki, musamman na kwana 35 a 1980, amma kamfanin bai durƙushe ba.

Ya sauka a 1996, ya rasu a 2003. Fiat ta haɗe da Chrysler a 2014, ta shiga Stellantis a 2021, kuma John Elkann, jikan Gianni, ne ke shugabantar hukumar gudanarwar Stellantis. Abin alfaharin gidan Agnelli shi ne leburan da ya ƙera mota da hannunsa, ya kuma iya sayenta ya kai iyalinsa ganin gida.