Gana-Mas-Go Da 'Ya'yan Baƙi

Uwargida, jakar nan da kike zuba kaya a ciki, Gana-mas-go, kin san inda ta samo sunanta? A watan Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta ba duk baƙon da ba shi da takardun zama mako biyu ya bar ƙasar nan. Mutanen Gana suka fi yawa, a irinta suka kwashe komatsansu. Fagge da Sabon Gari kuwa tun asali masaukin baƙi ne, don haka guguwar ba ta tsallake su ba. Iyaye suka ɗaure kaya, yara suka bar aji ana tsakiyar karatu, alhali wasunsu a Kano aka yanke musu cibiya. Fisabilillahi, me yaro ya sani game da fasfo?

A 1982 kuwa, kotun ƙolin Amurka ta hana jihar Teksas rufe wa irin waɗannan yara ƙofar makarantun gwamnati, ta ce ba a ɗora wa ɗa laifin iyayensa. Mu nan, dokar UBE ta 2004 ta wajabta karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ga kowane yaro, ba ta ce sai ɗan ƙasa ba.