Turmin Danya da Amsar da Ya Samu

Duk marubucin da ya yi wa ma'aikata zambo, ya shirya jin amsa. A 2013 wani Ba'amurke, Dave Eggers, ya fitar da The Circle, labarin wani kamfanin intanet da ya haɗiye rayuwar ma'aikatansa dare da rana. Nan take masu sharhi kan fasaha suka yi masa ca, suna cewa bai san kan sana'ar ba. Daga baya aka mayar da littafin fim a 2017.

To, idan muka waiwayo gida, yaya aka karɓi irin wannan rubutu a wurinmu? A 1980 Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ya shirya gasar rubutu cikin harsunan gida. Cikin littattafan da suka yi nasara akwai Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda aka buga a 1982, shekarar da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare ya fito. Littafin ya tona yadda attajiri ɗan fasa-ƙwauri ke saye ma'aikatan gwamnati da kuɗi. Mu mutanen ƙasar Katsina, daga Kankiya da Kusada har Jibiya a bakin iyaka, ba sai an yi mana fashin baƙin wannan labari ba.

Abin mamaki, gwamnatin da aka tona asirin ma'aikatanta ita ce ta ba da lambar yabo. Daga nan littafin ya koma hannun malamai da ɗaliban jami'a, ana nazarin jigo da salo.

Littattafan soyayya su ne suka sha wuta. Tun daga farkon shekarun 1990 aka dinga tafka muhawara a kansu a jaridu, Ibrahim Malumfashi na suka, Abdalla Uba Adamu na karewa. A 2007 kuwa har ƙona wasu aka yi a Kano.

Darasin a fili yake. Zambon da bai shiga kasuwa ya kai hannun wanda aka yi dominsa ba, da wuya ya ciji kowa. Yau 'ya'yanmu na aiki a kamfanonin waya, da bankuna, da shagunan kwamfuta. Masu sha'awar rubutu, ga fili nan a buɗe. Sai dai ku san aikin ciki da bai kafin ku ɗauki alƙalami, domin nan ne za a fara kama ku.