Laftof ya fita gari, sabar tana ofis

Duk wanda ya daɗe yana kula da kwamfutocin ma'aikata ya san kiran nan: mutum yana gida ko ya tafi aiki ƙauye, ya rubuta kalmar sirrinsa, kwamfuta ta ce babu sabar da za ta tantance shi. Matsalar ta girmi yawancin matasan da ke amsa kiran a yau.

Microsoft ta fito da Windows NT a 1993, da tunanin kwamfutar tebur mai waya a bango. Sunan ma'aikaci da kalmar sirrinsa suna wurin sabar domen, ita kwamfuta tambaya kawai take yi. To amma waya kan tsinke, sabar ma kan mutu. Saboda haka tun zamanin NT aka yi tanadi: wanda ya shiga lafiya, kwamfutar za ta ajiye wata alama da aka sarrafa daga kalmar sirrinsa, in sabar ba ta amsa ba sai a gwada da ita. Mutum 10 na ƙarshe take tunawa, mai kula na iya kai adadin 50 ko ya mayar da shi sifili. Don ranar da layi ya lalace aka yi shi. Da laftof ya yawaita, tanadin nan ya zama ƙofar shiga ta kullum.

Windows 2000 ta zo da Active Directory da tsarin Kerberos, wanda aka ƙirƙira a jami'ar MIT ta Amurka. Kerberos kuwa ba ya lamuntar saɓanin agogo fiye da minti 5, don haka laftof mai mataccen batirin agogo yakan buɗe lafiya a gida, ya dawo ofis ya turje. Windows Vista kuma ta ƙara wa alamar kalmar sirrin nan ƙarfi saboda ɓarayin laftof.

Abin da ya fi ba mu, masu kula da kwamfutocin, wahala shi ne wa'adin kalmar sirri, wanda a asalin tsarin domen kwana 42 ne. Ma'aikaciya tana can nesa, wa'adi ya cika ko ta manta, ta kira, mu canza mata a sabar. Laftof ɗin hannunta bai san an yi ba, tsohuwar kalma ya riƙe. Sai ta yi ta rubuta sabuwa yana ƙi, ranta ya ɓaci, ta ɗauka ita ce ba ta iya ba. A nan muka koyi tambayoyi biyu da har yau nake koya wa na bayanmu. "Hajiya, kin taɓa shiga wannan kwamfutar a ofis?" In ba ta taɓa ba, babu alamar da za a gwada. In ta taɓa: "Gwada tsohuwar." Da ta shiga, ta haɗa VPN mai sada ta da sabar ofis, ta kulle allo, ta buɗe da sabuwa, alamar ta sabuntu ke nan. Wadda ta manta tsohuwar kwata-kwata kuwa, dole kwamfutar ta ga sabar.

A nan gizo ke saƙa, domin VPN na lokacin sai an shiga kwamfuta ake kunna shi, shiga kuma sai da sabar. An yi ta neman mafita: VPN mai tashi kafin shiga, DirectAccess da ya zo da Windows 7 a 2009, daga baya Always On VPN. Ofisoshi da yawa ba su damu da kafa su ba sai da kullen korona na 2020 ya zaunar da ma'aikata a gida, aka riƙa aika wa sababbin ɗauka laftof ɗin da bai taɓa saninsu ba.

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a cikinmu, wai laftof in ya wuce kwana 30 bai ga sabar ba, amanar da ke tsakaninsu ta warware. Ba haka ba ne. Ita kwamfutar ce ke neman canza kalmar sirrinta duk kwana 30, in ba ta ga sabar ba sai ta jira. Abin da ke warware amanar yawanci hannun mutum ne: wani ya goge asusun kwamfutar wajen sharar tsofaffin asusu, ko an mayar da ita wani tsohon kwafi. Gyaran yakan buƙaci asusun mai kula na cikin kwamfutar, abin da tsarin LAPS na Microsoft ya tsare tun 2015 ta hanyar ba kowace kwamfuta kalmarta daban.

A 2019 Microsoft da kanta ta cire wa'adin kalmar sirri daga shawarwarinta na tsaro, kuma a ganina ta makara, don ya wahalar da mutane fiye da yadda ya kare su. Kwamfutocin da aka haɗa da Entra ID, sunan da Azure AD ya koma a 2023, suna tantance mutum ta intanet ba sai da VPN ba. Amma bankuna da ma'aikatu da dama suna nan kan tsohon domen. A can, in wanda ya saba shiga ya kasa, nakan fara duba ko an mayar da adadin mutanen da kwamfuta ke tunawa sifili, ko an sa shi cikin rukunin Protected Users, waɗanda ba a ajiye musu alama ko kaɗan.