Bos da Uba: Nazarin Rayuwa da Aikin Amrish Puri a Fina-finan Indiya

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun Amrish Puri (1932–2005), ɗan wasan Indiya da ya shahara da fitowa a mugu. An nazarci finafinansa shida, uku daga cikinsu da zurfi. An gano cewa mugun da ya ƙware da shi mai iko ne a gida ko a ƙasa, kuma kayan aikin da ya gina mugu da su, wato murya da ido da rashin gaggawa, su ne ya gina uba da su a ƙarshen rayuwarsa. An kuma duba alaƙar wannan da masu kallo a ƙasar Hausa.

1.0 Gabatarwa

Masu kallon fim a Kano da Zariya suna da kalma ɗaya ga abokin gabar jarumi: bos. Kowa ya san fim ba ya daɗi sai bos ya cika bos, amma masu nazari sun fi karkata ga jarumai da waƙoƙi. Wannan giɓi ne na gaske, domin ta bakin mugu ne fim yake faɗin abin da al'umma take tsoro. Amrish Puri ya fito a finafinai sama da 400, saboda haka ba za a iya bin su duka ba. An zaɓi Nishant (1975), Indiana Jones and the Temple of Doom (1984), Meri Jung (1985), Mr. India (1987), Dilwale Dulhania Le Jayenge (1995) da Gadar (2001), saboda sun ratsa shekaru 26 na aikinsa.

2.0 Tasowarsa

An haifi Puri ranar 22 ga Yunin 1932 a Nawanshahr da ke yankin Punjab. Yayyensa biyu, Chaman Puri da Madan Puri, sun riga shi shiga fim, kuma Madan ya yi suna a fitowa a mugu. Da Amrish ya je Bombay (Mumbai ta yanzu) a shekarun 1950 aka gwada shi gaban kyamara, sai aka ce bai dace ba. Ya koma ya kama aikin gwamnati a hukumar inshorar ma'aikata, inda ya shafe kimanin shekara ashirin, da rana yana ofis, da yamma yana dandamalin wasan kwaikwayo.

Wannan jinkiri shi ne ya zame masa alheri. Ya koyi sana'a a hannun Ebrahim Alkazi da Satyadev Dubey, manyan malaman wasan dandamali. A dandamali babu kyamarar da za ta matso kusa da fuska, don haka ɗan wasa sai ya iya kai muryarsa kujerar ƙarshe, ya kuma iya tsayuwar da za ta sa ido ya tsaya a kansa ko bai ce uffan ba. A 1979 ya karɓi lambar yabo ta Sangeet Natak Akademi kan wasan dandamali. Fim kuwa sai da ya kusa shekara arba'in ya shige shi, da ƙaramar rawa a Prem Pujari (1970) da Reshma Aur Shera (1971).

3.0 Mai ƙasa da mai tsibiri

A Nishant na Shyam Benegal ne aka fara ganin ainihin Puri. Ya fito a babban wa a gidan masu mallakar gonaki a wani ƙauyen Telangana. Ƙannensa suka sace matar malamin makaranta, 'yan sanda suka kau da kai, jama'ar gari suka yi gum, har ranar da tura ta kai bango. Abin lura a nan shi ne ƙarancin abin da Puri yake yi a fim ɗin. Zama yake a gyara masa jiki, a kawo masa gaisuwa, ya yanke hukunci a taƙaice. Zaluncinsa ya zama ruwan dare a ƙauyen har ba ya buƙatar ɗaga murya. A ganina wannan ita ce rawarsa mafi ban tsoro, duk da ba ita aka fi tunawa ba.

Wadda aka fi tunawa ita ce ta Mogambo a Mr. India na Shekhar Kapur. Mogambo yana zaune a tsibirinsa, da farin gashi mai ruwan zinare da rigar soja mai ado, yana shirin harba makamai masu linzami kan Indiya. Dakarunsa suna faɗawa cikin ramin ruwan guba don kawai ya umarce su. A zahiri wannan ya yi nisa da Nishant kamar sama da ƙasa, to amma ginin iri ɗaya ne. Mogambo ma a zaune yake, yana ƙwanƙwasa zobbansa a hannun kujera, kuma idan zai nuna gamsuwa sai ya ambaci sunan kansa kamar yana maganar wani. Mai wannan ɗabi'a ya mayar da kansa sarauta, mutanen da ke gabansa kuma talakawa ne masu jiran a ce an gamsu da su. A Meri Jung Puri ya saka wannan iko cikin rigar lauya, inda ya sa aka rataye marar laifi alhali ya san gaskiya.

Game da Mola Ram, rawar Puri a Indiana Jones and the Temple of Doom na Steven Spielberg, magana kaɗan ta isa. Rawar ta kai sunansa Amurka da Turai, kuma a nan ya aske kansa ƙwal, askin da ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa. Amma fim ɗin ya yi wa addini da abincin Indiyawa hoton raini, gwamnatin Indiya ma ba ta yarda da rubutun yadda yake ba, aka koma Siri Lanka ɗaukarsa. Ƙwarewar Puri ba ta wanke wannan aibi ba.

4.0 Uba a tashar jirgi

A Dilwale Dulhania Le Jayenge na Aditya Chopra, Puri ya fito a Baldev Singh, mai kanti a Landan da kewar Punjab ke cin zuciyarsa. Ya yi wa ɗan abokinsa alkawarin 'yarsa Simran tun tana ƙarama, ita kuma ta kamu da son Raj. Baldev bai kashe kowa ba, bai saci komai ba, amma shi ne shingen da labarin duka yake karo da shi. Jajayen idanun da suka razana dakarun Mogambo su ne suke sa gidansa ya yi tsit idan ya shigo. Masu shirya fim ɗin sun ci ribar shekaru goma sha biyar na tsoron da masu kallo suka tara game da wannan fuska. Shi ya sa lokacin da ya saki hannun 'yarsa a tashar jirgin ƙasa ya bar ta ta bi Raj, sakin yake da nauyi. Da ɗan wasa mai sanyin fuska ne, da kowa ya san tun farko zai sauko.

Gadar ya maimaita wannan tsari, inda Puri ya zama Ashraf Ali, uban da ya raba 'yarsa da mijinta bayan rabuwar Indiya da Pakistan a 1947. Sai dai a can an jingina taurin kan uban da ƙasarsa da addininsa, abin da ya rage wa rawar gaskiya.

5.0 Masu kallo a ƙasar Hausa

Tun shekarun 1950 'yan kasuwa Lebanawa suka fara kawo finafinan Indiya gidajen silima na Arewa. Brian Larkin, a maƙalarsa ta 1997 da littafinsa Signal and Noise (2008), ya nuna cewa abin da ya ja Hausawa shi ne rikicin soyayya da biyayyar iyaye, wanda suka san irinsa a zancen auren dole. Abdalla Uba Adamu ya bi yadda wannan jigo ya shiga littattafan soyayya da finafinan Kano. A wannan ma'auni, Mogambo abin nishaɗi ne ga Bahaushe, Baldev kuwa mutum ne da ya sani: uban da yake ganin karya alkawari abin kunya ne, wanda ba a iya tsanarsa kuma ba a iya yi masa musu. Ya kamata masu nazarin finafinan Hausa su duba yadda ake gina uba mai tsauri a cikinsu da wannan ido.

Puri ya ci kyautar Filmfare ta mataimakin jarumi sau uku, da Meri Jung, Ghatak (1996) da Virasat (1997), kuma a biyun ƙarshe uba ya fito. Kyautar Filmfare ta gwarzon mugu da aka ƙirƙiro a 1992 kuwa, an sha sa sunansa a takara amma bai taɓa ɗaukarta ba. Ya rasu a Mumbai ranar 12 ga Janairun 2005 yana da shekara 72.