Lemur: Dangin birin da babu irinsa sai a Madagaska

Lemur suna ne na wani rukunin dabbobi masu shayarwa, dangin biri, waɗanda asalinsu tsibirin Madagaska ne da ke Tekun Indiya, kimanin kilomita 400 daga gaɓar Mozambik. In ban da nau'i biyu da ake samu a tsibiran Komoros, waɗanda ake kyautata zaton mutane ne suka kai su, babu inda suke rayuwa a daji sai wannan tsibiri. Masana sun ƙididdige fiye da nau'i 100. Masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya raɗa musu sunan a 1758, daga wata kalmar Latin da Rumawa ke kiran fatalwa da ita, saboda yawon darensu.

Duk da kamanninsa da biri, lemur ya sha bamban da shi. Bakinsa a tsuke yake kamar na yanyawa, hancinsa a jiƙe kamar na kare, kuma ya fi dogara da jin ƙamshi wajen gane abinci da 'yan uwansa. Masana kimiyya na ganin kakanninsu sun tsallako ne daga Afirka bisa tarkacen itatuwa da ruwa ya kwaso, miliyoyin shekaru da suka wuce, suka iske tsibirin babu birai masu yi musu gasa, suka yaɗu ko'ina.

Mafi ƙanƙanta a cikinsu shi ne wanda ake kira lemur ɓera na Madam Berthe, wanda nauyinsa kimanin giram 30 ne, yana kuma zaune a dazukan Menabe da ke yamma. Mafi girma kuwa indri ne, mai kai kilo 9, baƙi da fari, kusan babu wutsiya. An san shi da kuka mai kama da waƙa, wanda iyali guda ke rerawa tare da safe, a ji shi daga nesa a dajin Andasibe. Mutanen yankin suna kiransa babakoto, kuma al'adarsu ta fady, wato abin da aka haramta tun kaka da kakanni, ta hana kashe shi. Wannan hani ya kare shi tsawon zamani, ko da yake ƙarfinsa na raguwa.

Wanda duniya ta fi sani shi ne mai wutsiya zobe-zobe baƙi da fari, mazaunin busasshen kudu. Yana yawo ƙungiya-ƙungiya, kuma mata ne ke shugabanci: su ke fara cin abinci, su ke zaɓar wurin hutawa. Da safe sukan zauna su buɗe ƙirji su sha hantsi. Idan maza za su yi faɗa, sai kowa ya shafa wa wutsiyarsa wani wari daga jikinsa, ya riƙa kaɗa ta wajen abokin hamayya har ɗaya ya janye. Sifaka kuma gwanin tsalle ne tsakanin itatuwa, in ya sauko ƙasa sai ya yi ta tsalle a kaikaice da ƙafa biyu. Akwai wani ƙarami da ke tara kitse a wutsiya, ya shige kogon itace ya yi barci har wata bakwai a lokacin rani.

Mafi ban tausayi shi ne aye-aye. Dabbar dare ce mai manyan kunnuwa, da haƙoran gaba masu ci gaba da tsiro, da wani siririn yatsa na tsakiya da take ƙwanƙwasa itace da shi don jin inda tsutsa take, sannan ta huda ta zaƙulo ta. A wasu ƙauyuka ana ɗaukar ganinta alamar mutuwa, ana kashe ta nan take.

A watan Yulin 2020 Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, IUCN, ta bayyana cewa daga nau'i 107 da ta tantance, 103 na fuskantar barazanar ƙarewa, 33 daga ciki kuma suna dab da ƙarewa. Ba sabon abu ba ne a tsibirin: ƙasusuwan da aka tono sun nuna an taɓa yin manyan lemur, wani ma ya kai girman goggon biri, waɗanda suka ɓace bayan zuwan ɗan Adam.

Babban dalili shi ne ɓacewar daji. Manoma na sare daji su ƙone don shuka shinkafar tudu, abin da suke kira tavy, birane kuma na dafa abinci da gawayi. Dora wa talakan manomi laifi kaɗai rashin adalci ne, domin Madagaska na cikin ƙasashe mafi talauci a duniya, kuma ɓarna mai tsanani ta zo ne daga fatauci. Bayan rikicin siyasar 2009, masu fasa-ƙwaurin jan katako mai tsada sun auka wa gandun Masoala da Marojejy suna kai shi kasuwannin Sin, irin yadda aka yi wa itacen madobiya a Najeriya, masu saran kuma suna farautar lemur don ci. A 2010 UNESCO ta sanya dazukan Atsinanana cikin jerin wuraren tarihi da ke cikin haɗari. Asarar tana komawa kan dajin kansa, domin wasu lemur masu cin 'ya'yan itace su ne ke baza irin manyan itatuwa ta kashinsu.

Yarjejeniyar CITES ta haramta cinikinsu tsakanin ƙasashe, dokar Madagaska ma ta hana kama su ko ajiye su a gida, sai dai aiwatarwa na da rauni. Inda aka fi ganin nasara shi ne inda mutanen gari ke samun abin sawa a baki daga daji. A 1986 tawagar masaniyar Amurka Patricia Wright ta gano lemur mai ruwan zinare da ke cin gora, duk da gubar da ke cikinta, lamarin da ya kai ga kafa gandun Ranomafana a 1991, inda yanzu mazauna yankin ke aikin ja-gorar masu yawon buɗe ido da bincike. A Amurka, cibiyar Jami'ar Duke, wadda aka kafa a 1966, na kiwon nau'o'i da dama, kuma ana bikin Ranar Lemur ta Duniya a Juma'ar ƙarshe ta watan Oktoba.