Iwao Hakamada

Iwao Hakamada (an haife shi ranar 10 ga Maris, 1936) tsohon ɗan dambe ne daga ƙasar Japan wanda ya shafe kusan shekara 48 a tsare kan kisan da kotu ta wanke shi daga baya.

An kama shi a 1966 bisa zargin kashe shugabansa a wata masana'antar miso, wato daddawar waken suya ta Japanawa, tare da matar shugaban da 'ya'yansa biyu a lardin Shizuoka. Ya amsa laifin bayan kimanin kwana 20 ana yi masa tambayoyi, amma ya janye a gaban kotu, ya ce tilasta masa aka yi. A 1968 aka yanke masa hukuncin kisa. Babbar hujjar masu gabatar da ƙara ita ce tufafi biyar masu jini da aka tsinta cikin tankin miso fiye da shekara guda bayan kisan.

Yayarsa Hideko ta yi shekaru da dama tana fafutukar neman a sake shari'ar. An sake shi ranar 27 ga Maris, 2014. Ranar 26 ga Satumba, 2024, bayan an sake shari'ar, kotun Shizuoka ta wanke shi, ta ce masu bincike ne suka ƙirƙiri hujjojin.