Tasirin Atisaye Mai Tsanani a Kan Taurin Tsoka: Nazarin Hanyoyin Awo

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin hanyoyi biyu na auna taurin tsoka a jikin 'yan wasa. Ta nuna cewa adadin da na'ura ta fitar ba ya amfani sai an san lokacin da aka yi awon da kuma yadda gaɓa take.

1.0 Gabatarwa

Ɗan wasa yakan ce jikinsa ya yi tsami, mai horarwa kuma ya ɗauka tsoka ce ta yi tauri. Abubuwan biyu sun sha bamban. Tsamin jiki, wanda Theodore Hough ya bayyana a 1902, yakan kai ƙololuwa tsakanin awa 24 zuwa 72 bayan atisaye. Tauri kuwa turjiyar da tsoka ke yi ne idan an ja ta. Tushensa furotin taitin, wanda Koscak Maruyama ya gano a 1976, da zaren kolajin da ke naɗe da tsoka.

2.0 Hanyoyin Awo

Hanya ta farko ilastogirafi ce, wadda Jérémy Bercoff da Mickaël Tanter da Mathias Fink suka inganta a birnin Faris a 2004. Na'urar hoto mai aiki da sauti, irin ta duban ɗan tayi, tana girgiza tsoka, sannan ta auna gudun girgizar. Ana ninka gudun da kansa a sami tauri: mita 2 a daƙiƙa na nufin kusan kilofaskal 4, mita 3 kuma kusan kilofaskal 9.

Hanya ta biyu na'urar hannu ce, MyotonPRO, da ake ƙerawa a Istoniya. Tana ɗan ƙwanƙwasa fata ta auna yadda nama ke amsawa. Ana iya zuwa da ita filin wasa, sai dai ba ta kai ga tsokar da ke can ciki, kuma kitsen ƙarƙashin fata yana shafar sakamakonta.

3.0 Tattaunawa

Atisayen da ya fi taurara tsoka shi ne wanda take miƙewa alhali tana ɗauke da nauyi, kamar gudu a gangare. Yana raunata zaruruwanta, kalsiyam ya taru a ciki, su maƙale da juna. Taurin yakan bayyana cikin awa ta farko, tun kafin tsami ya taso, kuma ya fi fitowa idan tsokar tana miƙe. Saboda haka wanda aka auna da tsoka a sake zai iya zama kamar lafiya lau, alhali tsokarsa ba ta warware ba.

Tasirin atisaye na dogon zango kuma daban ne. Ɗaga nauyi na tsawon watanni yana ƙara wa agara tauri, wanda ke taimaka wa tsalle da gudu. Amma tsoka takan riga agara ƙarfi, kuma wannan giɓi yana iya jawo rauni.

4.0 Kammalawa

Maƙalar tana ba da shawara a auna kowane ɗan wasa kafin fara horo, a riƙa kwatanta shi da kansa. A maimaita awon a kusurwar gaɓa ɗaya da lokaci ɗaya na yini, kafin ɗumama jiki, domin zafi yana sassauta tsoka. A kuma raba awon tsoka da na agara. Da haka mai horarwa zai san ranar ƙara nauyi da ranar da hutu ya wajaba.